Yadda ake duba tawadar Allah da tabon haihuwa kafin a kai musu aska

A Urafane da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, da wuya a sami gidan da babu mai tawadar Allah a fuska ko a wuya, ko jaririn da ya zo duniya da tabo. Galibinsu ba cuta ba ne, da su ake tsufa. Sai dai kaɗan daga ciki kan zama mafarin ciwon daji na fata, wanda likitoci ke kira melanoma, kuma babbar shaidar da ke tona shi ita ce canzawa. Tabon da ya zauna yadda yake shekara da shekaru a bar shi. Wanda ya fara sauya kama a kai shi likita. A kowane hali kuwa, yanka ko ƙuna a gida ɓarna ce.

Matakin farko shi ne duba jiki duka da hasken rana, bayan wanka, sau ɗaya a wata. Miji ya duba bayan matarsa, mata ta duba na mijinta, uwa ta buɗe kan ɗiyarta ranar kitso. Inda ya fi cancantar a daɗe ana kallo shi ne tafin ƙafa, tsakanin yatsu, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ta san shi ba. Gaskiya ne ya fi yawa a cikinsu, amma irin wanda ya fi kama mu ba rana ke kawo shi ba, kuma a waɗannan wurare yake ɓuya. Manomin da ƙafarsa ta saba da faso da ƙaya yakan ga baƙin tabo a diddige ya ce tuntuɓe ne, har wata shida ta wuce. Haka ta faru da mawaƙin Jamaika, Bob Marley: a 1977 aka gano ciwon a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne, a 1981 ya rasu yana da shekara 36.

Mataki na biyu shi ne auna tabon da alamu biyar, waɗanda likitocin fata a New York suka fara tsarawa a 1985, aka ƙara ta biyar a 2004. A duba ko rabinsa ɗaya ya bambanta da ɗayan; ko bakinsa ya yi zigizaga maimakon ya zagaye sumul; ko launinsa ya gauraya, baƙi da ja da fari ko shuɗi; ko faɗinsa ya wuce milimita 6, wato kusan ƙwayar wake; sannan ko yana canzawa. Ta ƙarshen ta fi sauran nauyi, musamman idan ya fara ƙaiƙayi, zubar jini ko buɗewa. Ido yana mantuwa, don haka a ajiye ƙwayar wake gefen tabon a ɗauki hotonsa da salula, a sake bayan wata ɗaya. Baƙin layi a farce abu ne da aka saba gani a jikin baƙar fata. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya fito a farce ɗaya tak, yana ƙara faɗi, baƙin yana malala zuwa fatar gindin farcen.

Mataki na uku na jarirai ne, kuma a nan haƙuri ya fi magani aiki. Tabo mai shuɗi-shuɗi a ƙugu ko ɗuwawu yana da yawa a 'ya'yanmu, yakan dushe da kansa cikin shekarun yarinta. Jan tsiro mai laushi da ke fitowa a makonnin farko tarin ƙananan jijiyoyin jini ne. Yakan girma 'yan watanni, sannan ya dinga motsewa cikin shekaru. Idan aka sa masa aska jini ne zai ɓalle. A hanzarta da shi likita idan yana kusa da ido, hanci ko baki, ko ya zama miki, domin tun 2008 likitoci a Bordo ta Faransa suka gano cewa maganin sha mai suna propranolol yana motsar da shi, amma likita kaɗai ke ƙayyade shi. Haka ma babban baƙin tabo mai gashi, da jan tabo shimfiɗaɗɗe da ya rufe goshi ko fatar ido, da tabbai masu ruwan ƙasa shida ko fiye, duk suna buƙatar idon likita.

Mataki na huɗu shi ne kame hannu. Kada a shafa kanwa, toka ko ruwan batir, kada a ɗaure tsiro da zare. Za a ce wanzami yana kusa, ya iya aikinsa, kuɗinsa kaɗan ne. Ba a raina gwanintarsa ba, amma askarsa sama take sharewa, shi kuwa wannan ciwo ƙasa yake nutsawa, kuma naman da aka yar shi ne kaɗai shaidar da za a sa a madubin likita a san ko daji ne. Ga kuma tetanus, ga kumburarren tabon da baƙar fata ke saurin yi bayan yanka, wanda kan fi tawadar muni. Akwai masu cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Abin da suka gani shi ne marasa lafiyar da aka kai bayan ciwon ya riga ya kai kaluluwa. Melanomar da aka cire gaba ɗaya tun zurfinta bai kai milimita 1 ba, mafi yawan masu ita suna warkewa.

Mataki na biyar shi ne bin hanya daki-daki. A fara da ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa, a nuna wa majo, wato shugaban ma'aikatan jinyar wurin, hotunan, a faɗi lokacin da tabon ya fara canzawa. Idan ya ga dalili zai rubuta takardar turawa zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, daga nan Maraɗi, kuma akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Idan an cire tabon, a nemi a aika naman gwaji, a kuma koma karɓar sakamako. Ba melanoma kaɗai ake bi wa wannan hanya ba: tabo mai haske wanda ba ya jin taɓawa na iya zama kuturta, ana warkewa daga gare ta, kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe a wannan aiki. Zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa: malafa, riga mai dogon hannu da inuwa su ne garkuwarsa, kuma duk ɓawon da ya ƙi warkewa a fuskarsa ko kunnensa a kai shi likita nan da nan. Gyambon da ya daɗe da tsohon tabon ƙuna da ya buɗe su ma haka.

Kuɗin mota da barin gona a tsakiyar damina nauyi ne na gaske, babu mai musun haka. Amma ƙaramin yanka da allurar kashe zafi a yau ya fi yanke ƙafa a baɗi sauƙi, ga aljihu da ga iyali. Saboda haka wanda ya ga tabonsa ya canza kada ya ce sai an kai amfani rumbu. Ya tafi cikin makon nan.