Yadda ake nemo mai muryar rediyo a sama, a kuma auna nisansa

Aikin yana farawa ne da jerin lambobi. Masu sauraren sararin sama da faifan rediyo su ke kawo shi: ga wani abu a kusurwa kaza, yana watso igiya mai ƙarfi kaza. Iyakar abin da jerin ya sani ke nan. Ko tauraro ne na nan kusa, ko galaksi ce mai taurari biliyoyi can nesa, sai an ga abin da madubin hangen nesa, an tsaga haskensa, kafin a iya faɗa.

Wahalar farko ita ce sanin takamaiman wurin. Mai kama tashoshin gajeren zango ya saba jin mita 19 da mita 25. To, igiyar da aka haɗa irin wannan jeri, kundin 3C, da ita a Kambirij ta Ingila a 1959, zangonta ya kusa mita 2, alhali zangon hasken da ido ke gani bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na mita ba. Gwargwadon tsawon zango, gwargwadon dishi-dishin gani. Shi ya sa mutanen farko suke samun fili mai faɗi maimakon ɗigo, kuma a cikin filin nan akwai ƙananan haskoki barkatai, kowanne yana iya zama shi. Sai da Graham Smith ya matse wurin wata murya mai suna Cygnus A a 1951 kafin Walter Baade ya ga galaksinta da madubin Palomar mai mita 5 a Kalifoniya. Shi da Rudolph Minkowski suka wallafa binciken a 1954.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Cyril Hazard da abokan aikinsa. Sun lura cewa wata zai gitta ta gaban 3C 273, ɗaya daga muryoyin kundin nan. Ran 5 ga Agustan 1962 aka juya faifan Parkes mai mita 64 a Ostireliya, aka rubuta lokacin da gefen wata ya gilma ta kan muryar. Tunda an san inda gefen wata yake a kowane sakan, sai wurin ya fito daidai da kusan sakan ɗaya na kusurwa, har aka gane cewa muryar kashi biyu ce. Ɗaya daga ciki ta faɗa kan wani abu mai kama da tauraro, da ɗan siririn haske a gefensa.

Yanzu ba a jiran wata. Faifai 27 na VLA a Amurka, ko 64 na MeerKAT a Afirka ta Kudu, suna haɗa kai su ba ka taswira mai kyau, kai kuma ka ɗora ta a kan hoton haske na wurin. Sai dai manyan galaksin rediyo sukan feso abu gefe biyu daga baƙin ramin da ke tsakiyarsu, muryar ta taru a dunƙule biyu, dama da hagu, ita kuwa uwar tana tsakani, sau da yawa shiru. Kwamfutar da aka ce ta ɗauko haske mafi kusa da murya za ta kawo maka baƙon da hanya kawai ta biyo da shi. Don haka ake neman 'yar ƙwayar murya a tsakiya, a kuma lissafa yiwuwar a ce haɗuwar dace ce kurum. Har yau idon mutum bai bar aikin ba: tun 2013 shirin Radio Galaxy Zoo ya sa dubban 'yan sa-kai suna duba irin waɗannan hotuna ta intanet. In kuwa aka duba tsakiya ba a ga komai ba, gwani murna yake yi, don alama ce abin yana da nisan gaske. Sai a koma hoton infared, a zangon maikuron 2.2, inda ɗan ɗigon yakan bayyana.

Daga nan sai tsaga haske. Ana zaɓar daren da babu farin wata. Tsagar da haske ke shiga ta cikinta faɗinta wajen sakan ɗaya ne na kusurwa, abin da kake nema kuma ba ya fitowa a allon saiti. Sai ka saita kan wani tauraro mai haske da ke kusa, ka gusar da madubin daidai tazarar da ka auna tun da rana, ka buɗe, ka dogara ga lissafinka. Ana ɗauka kashi-kashi, wajen rabin awa kowanne, don a iya share tabon da ƙwayoyin sararin sama ke bari. A ɗauki fitilar niyon da argon don awon zango, a cire hasken da iskar duniya ke fitarwa, wanda ya fi na galaksin ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan duk aikin hannu ne, kowa yana koya.

Inda gwaninta take shi ne karanta layukan. Kowane sinadari yana haske a zangon da aka sani: haidurojin yana da layi a nanomita 486.1, da 434.0, da 410.2. Faɗaɗar sararin samaniya tana miƙar da zangon haske a hanya, sai layukan su goce zuwa ɓangaren ja. Ka raba zangon da ka gani da zangon asali, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne z. Lissafin ɗan aji uku ne. Abin da ke da wuya shi ne layin ba ya zuwa da suna a goshi.

Abin da ke ceton mutum shi ne duka layukan ana miƙa su da ninki ɗaya, kamar ɗigogin da ka zana a jikin roba ka ja ta. Maarten Schmidt ya ɗauki bakan 3C 273, wato tsagaggen haskensa, a Palomar a ƙarshen Disambar 1962, ya yi makonni yana kallon layukan da ba su dace da kowane sinadari ba. Ran 5 ga Fabrairun 1963 ya lura da yadda tazararsu ke raguwa a jere, irin jerin haidurojin. Layin 563 ya raba da 486.1, na 503 da 434.0, na 475 da 410.2, duka suka ba da kusan 1.158. Wato z ya zama 0.158, nisan da ya haura shekarar haske biliyan 2, ga abin da ake ɗauka tauraro ne. Nan da nan Jesse Greenstein ya koma kan bakan 3C 48 da ya gagari mutane tun 1960, ya samu 0.37. Haka aka gano irin waɗannan abubuwa da ake kira kwazar.

Schmidt ya yi sa'a, yana da jerin layuka. Galaksi mai nisan gaske sau da yawa layi ɗaya tak take ba ka bayan dare guda. A ce ka gan shi a nanomita 753. In layin Lyman-alfa ne na haidurojin, mai asalin 121.6, z ya kai 5.19. In kuwa na oksijin ne, mai 372.7, z bai wuce 1.02 ba. A nan zuciya takan ja mutum zuwa babban lamba, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Zai duba siffar layin: Lyman-alfa na nesa yakan yanke tsaf ta ɓangaren shuɗi, ya ja wutsiya ta ɓangaren ja, saboda haidurojin da ke kan hanya ya shanye rabinsa. Na oksijin kuwa tagwaye ne, 372.6 da 372.9, in na'urar tana da kaifi za su rabu. Zai duba ko hasken da ke shuɗin layin ya faɗi ƙasa warwas. Zai koma hoton infared, domin galaksin rediyo mai z kusa da 1 ba ta dusashewa sosai a can. Zai nemi sauran layukan da ya kamata su rako oksijin. Wannan lambar ta 753 ta galaksin rediyo mai suna TN J0924-2201 ce, wadda Wil van Breugel da abokansa suka auna da madubin Keck a Hawai a 1999. Haskenta ya taso tun sararin samaniya yana da shekara biliyan ɗaya da 'yan kai. A 2005 aka ji layukan kabon monoksaid daga gare ta da rediyo, a kusan wannan z. A wurina, sai ranar nan lambar ta zauna daram.

Masu wannan sana'a masu haƙuri ne. Hyron Spinrad ya shafe shekaru da madubin Lick mai mita 3 yana bin abubuwan kundin 3CR, wato 3C da aka gyara, ɗaya bayan ɗaya, ciki har da waɗanda kowa ya gaji ya bari, kuma da irin wannan naci aka cike gibin kundin.

Ɗalibin kimiyya da ke son gwada hannunsa ba ya buƙatar madubi. Bayanan binciken sama na SDSS a buɗe suke kyauta a intanet. Ka sauko da bakan kwazar guda, ka rufe z ɗin da aka rubuta, ka auna layukan da kanka, kuma kada ka amince da lambarka sai layi na biyu ya goyi bayan na farko.