Falke Mai Hatsi da Lamirinsa

Karatu: Romawa 2:12-16, Misalai 11:26, Ayyukan Manzanni 18:12-17.

A shekara ta 44 kafin haihuwar Ubangijinmu, wani masani na Roma, sunansa Sisero, ya rubuta wa ɗansa Markus littafi bisa abin da ya wajaba ga mutum. A ciki ya kawo wata tambaya. Ana yunwa a tsibirin Rodusa, hatsi ya yi tsada. Wani falke ya taso daga Iskandariya da jirgi cike da hatsi, ya riga kowa isa, amma ya sani waɗansu jirage suna tafe a bayansa. To, ya faɗa wa mutanen gari, kuɗin hatsi ya sauko, ko kuwa ya yi shiru ya ci riba? Sisero ya yanke cewa mutumin kirki ba ya ɓoye irin wannan labari domin amfanin kansa.

Sisero bai san Shari'ar Musa ba, bai kuwa ji Bishara ba. Ina ya sami wannan haske? Bulus Manzo ya koya mana Allah ya sa shaidar Shari'a cikin zukatan Al'ummai, lamirinsu kuma yana ƙararsu ko yana wanke su.

Amma sani dabam ne, aikatawa dabam. Galiyo, mai mulkin Akaya, ɗan'uwan masani Seneka ne, wanda ya yi rubutu da yawa bisa halin kirki. Duk da haka aka yi wa Sastanisu duka a gaban kujerar shari'arsa a Koranti, shi kuwa ko a jikinsa.

'Yan'uwa, maganan nan tamu ce. Daga Limawa zuwa kasuwar Jimeta ba nisa. A cikinmu akwai masu ajiye dawa da masara tun kaka har tsakiyar damina, sa'anda rumbun maƙwabci ya zama wofi. Ciniki ba zunubi ba ne, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Amma idan wanda bai san Kristi ba ya ƙi cin ribar yunwa, mu da aka fansa da jininsa, wace hujja gare mu? Mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba mu iko mu aikata abin da mun rigaya mun sani.

Tambayoyi:
1. Yin shiru yana iya zama ƙarya? Ƙaƙa?
2. Me ya bambanta tanadi da ɓoye hatsi?
3. Wane abu ne mun san daidai ne, amma ba mu yi ba tukuna?