Darasin Wannan Mako: Gyaran Madafi Da Hannunka Ba Tare Da An Taɓa Uwar Kuɗi Ba

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai na Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Kun saba ganin farashin shinkafa da dawa da albasa da shanu a wagga takarda. To yau za mu bar rumfa mu shiga cikin gida, mu tsaya a madafi, watau wurin da 'yan birni ke ce wa kicin. Dalili kuwa shi ne, ɗan kasuwa yakan yi musu da dillali rabin yini a kan naira 200, ya dawo gida ya tarar da ribar ta bi hayaƙi, bai sani ba. Da yawanmu madafin da munka gada shi ne muke amfani da shi har yau: duwatsu uku, bango baƙi ƙirin, ƙasa duk taɓo. In an ce a gyara, sai maigida ya tuna siminti da kwano da kuɗin magini, ya ce a bari sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, ba a yi ba.

Abin da muke so mu karanta yau guda ɗaya ne. Gyaran madafi yana da jeri, kuma wanda ya bi jerin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A fara da wuta, sa'an nan hayaƙi, sa'an nan ƙasa da ruwa da wurin ajiya. Ado shi ne na ƙarshe.

Fasali na ɗaya: a yi lissafi tukuna

Ba mai sarin kaya bai san nawa zai fitar ba. To haka nan ma. Kafin ka taɓa komai, ka zauna da uwargida, domin ita ce mai wurin, ita ta san inda ke yoyo da inda ɓera ke shiga da tukunyar da ta fi ɗorawa. In gidan mai mata biyu ne ko uku, kowace a ji ta bakinta. Sa'an nan ku ƙirga itacen da gidan ke ci kwana 7 a jere, ɗauri nawa, a nawa. Ko da yara ne ke zuwa daji su ɗebo, a yi masa kuɗi bisa farashin kasuwa, domin wahalarsu ba banza ba ce.

Ga misali, kowa shi sa nasa adadi a madadin namu. Mu ce gida na ƙone itacen naira 1,000 kullum. A wata naira 30,000 ke nan, a shekara ta kwana 360 naira 360,000. In an rage kashi ɗaya cikin huɗu, an tsirar da naira 250 a yini, naira 7,500 a wata, naira 90,000 a shekara. Wanga kuɗi ba a yi tafiya saboda shi ba, ba a biya mota ba, ba a biya la'ada ba. Kuma kun san tun da anka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, duk abin da mota ke ɗaukowa ya tashi, itace da gawayi na ciki.

Fasali na biyu: murhu

Masana makamashi sun auna murhun duwatsu uku, sunka ga kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace ne kaɗai ke shiga tukunya. Watau a itacen naira 100, abin da ya dafa tuwo bai wuce na naira 15 ba. Sauran iska ta kwashe ta gefe. Maganin abin shi ne a kewaye wutar da bango, a tilasta ta ta bi jikin tukunya.

Wagga dabara ba baƙuwa ba ce ga maƙwabtanmu. Bayan farin da anka yi a Sahel a 1973 da 1984, itace ya yi wuya a birane, sai anka tashi neman murhu mai tattali. A Burkina Faso anka koya wa mata kewaye duwatsun nan uku da laka. A Nijar anka yaɗa irin na laka da sunan Albarka, sa'an nan maƙera a Yamai sunka shiga ƙera na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a shekarun 1980. A nan gida kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda anka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki a kan murhu mai rage cin itace. Na laka shi ne wanda kowa ke iya yi, kuma kayansa duk muna da su. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya, kwaɓi. A samo yumɓu daga fadama ko ƙasar tsohon suri, kwano 4. A zuba buntun shinkafa ko yankakkiyar ciyawa kwano 1, da kashin shanu kwano 1. Buntu ba ya yi mana wuya, ga shi tsibi a wurin masu gumi da masu injin casa. A cuɗa da ƙafa har ya yi danƙo, a rufe da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 5 zuwa 7.

Na biyu, gwaji. Ƙasar Illo ba ita ce ta Ka'oje ba. A dunƙula kaɗan kamar tubali ƙarami a shanya. In ya tsattsage, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi ko buntu. In ya marmashe a hannu, a ƙara yumɓu.

Na uku, tushe. A shimfiɗa laka kaurin yatsu uku, a kafa duwatsu uku a kai, biyu a gaba ɗaya a baya, a ɗora tukunyar da aka fi girki da ita. Daga ƙasan murhu zuwa gindin tukunya a bar faɗin yatsu shida a jere, wajen santimita 12 ke nan. In ya yi nisa wuta ba ta kai wa, in ya yi kusa wuta ta shaƙe ta yi hayaƙi. Babbar tukunya a ɗan ƙara mata.

Na huɗu, bango. A ɗaga laka kewaye da tukunya har zuwa ƙarƙashin kunnuwanta, kaurin tafin hannu. Tsakanin bango da jikin tukunya a bar kafar yatsa ɗaya, ko'ina daidai. Nan ne sirrin yake, domin ta wagga kafa zafi ke bi yana lasar tukunya. A riƙa juya tukunyar kada ta manne.

Na biyar, ƙofa. Washegari, laka ta ɗan sha iska, a yanka ƙofar itace da wuƙa tsakanin duwatsun gaba, faɗin tafin hannu da rabi, samanta a lanƙwashe. A fuskantar da ita inda iska ke shigowa.

Na shida, haƙuri. A bar shi ya bushe a inuwa mako guda. Wutar farko ta zama ƙarama. In ya tsage daga baya, a liƙe da ragowar kwaɓin, saboda haka kada a zubar da shi.

Amma fa mu faɗi gaskiya. Murhun da anka gina bisa awo yakan rage kashi ɗaya cikin huɗu na itace ko abin da ya fi haka, wanda anka gina da ka kuwa yana iya zama bai rage komai ba. Kuma kowane murhu da tukunyarsa. Wanda anka auna da lamba 5 ba zai yi wa lamba 10 ba, sai a gina biyu gefe da gefe, na tuwo da na miya. Itace biyu ko uku sun ishe shi, ba a cusa masa runguma. Itacen shi zama busasshe a faskare, domin ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta dafa abinci. A rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake tun dare, in an gama a zare bakin wuta a turbuɗe a yashi don gobe.

Fasali na uku: hayaƙi

Murhun laka yana rage hayaƙi amma ba ya kawar da shi, don haka dole a ba shi hanya. Kada a ɗauki wanga abu da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Wadda ke tsugune gaban murhu da goyon da ke bayanta su ne kan gaba wajen shaƙa. Kuɗin asibiti kuwa daga uwar kuɗi yake fita.

Aikin ba shi da tsada. A fasa taga biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa ta gefen da iska ke zuwa, ɗaya can sama kusa da rufi a bangon da ke bayan murhu, domin hayaƙi sama yake nema. A kankare kunkunniyar da ta taru a rufi da bango. In rufin ciyawa ne, a tabbata ya yi nisa da wuta, a yaɓe zanan da ke kusa da murhu da laka. Lokacin ɗari, iska na kaɗawa komai ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida da rumbu. Masu sana'ar fetur a jarka, don Allah kada jarka ta kwana a madafi ko a jikin bangonsa. Kuma kada a shiga da gawayi mai ci cikin ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci.

Fasali na huɗu: ƙasa da ruwa da ajiya

Ba dole sai siminti ba. Daɓen iyayenmu yana nan: a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi, a bi da ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, ya yi tauri da sheƙi. A ɗaga ƙasan madafi ya fi tsakar gida tudu, a ɗan karkata shi zuwa ƙofa don ruwa shi fita. In akwai halin siminti buhu ɗaya mai kilo 50, kada a shafe shi a bango don kyau. A kai shi wurin wanke-wanke da gindin randa, inda ruwa ke zuba kullum. Ruwan wanke-wanken kuma a haƙa masa rami a waje, a cika da duwatsu da fasassun tukwane, ya riƙa nutsewa, kada ya kwanta ya tara sauro.

Abinci da kwanuka su bar ƙasa. Katako biyu a kan tubali sun zama kanta. Ragaya a rataye ta ɗauki ƙwarya. Buhun hatsi a ɗora kan duwatsu ko itace, nesa da bango, saboda laima da gara. Ramin ɓera a cusa fasasshiyar kwalba a yaɓe. In rufin kwano ne yana yoyo, a duba bakin ƙusa tukuna, galibi nan ne, a canza fallen da ya ruɓe kaɗai. Bandir falle 20 ne, ba lalle ka sayi bandir don falle 3 ba, ku haɗu da maƙwabci ku raba. Bayan duk wannan sai farar ƙasa a bango. Tana da araha, tana sa ɗaki haske har a ga abin da ya faɗa cikin miya.

Fasali na biyar: abin da za a saya

Mai sayar da abinci a kasuwa da mai zaman haya, murhun ƙarfe ya fi musu, domin ana ɗaukarsa. In za ka saya, a nan ko a Malanbil ko a Segbana, ka tafi da tukunyar ko ka san lambarta, ka ɗora ka ga ta nutse a ciki, kafar ba ta wuce yatsa ba. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen, in falle ne mai laushi wuta za ta cinye shi da wuri. Araha ba ta ado. In a ƙetare ne, ka juya sefa zuwa naira da farashin ranar, ka haɗa da kuɗin mota, domin tun da anka saki naira a Yunin 2023 lissafin da ya rushe. Sa'an nan ka raba kuɗin murhun da abin da yake tsirarwa a yini. Misali, na naira 12,000 mai tsirar da naira 250 kullum ya mayar da kuɗinsa a kwana 48.

Gas shi ne ya fi tsabta ta wajen hayaƙi, kuma tukwanensa akwai mai kilo 3 da 6 da 12.5. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa. Amma kafin ka saya, ka duba inda za ka cika da nisansa da kuɗinsa. Gidaje da yawa suna haɗawa, gas don shayi da ɗumame, murhun laka don tuwo da wake. In ana zaton yoyo, da ruwan sabulu ake gwadawa a ga kumfa, ba da ashana ba.

Ga maƙera da maginan tukwane da dillalanmu kuma, nan akwai ciniki. Wanda ya iya ƙera murhu daidai da lambar tukunya, ko ya iya gina na laka bisa awo yana bin gida gida, ba zai rasa masu nema ba.

Aikin da munka ba kowa

Lokacin wanga aiki shi ne daga kaka zuwa rani, kafin ruwa shi sauka, domin laka ta samu bushewa. A mako na farko a ƙirga itace, a kwaɓa laka. A na biyu a gina murhu, a fasa taga. A na uku a yi daɓe da kanta, murhu na bushewa. A na huɗu a hura wuta, a sake ƙirga itace kwana 7, da tukunya ɗaya da abinci iri ɗaya da na farko. Sai a aza lissafin biyu gefe da gefe. In ragin ya fito, da shi za a sayi siminti da farar ƙasa, uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba. In bai fito ba, a koma a duba kafar yatsa da nisan gindin tukunya, galibi kuskuren nan yake.

Wanda ya gwada, shi aiko mana da adadinsa ta hannun mai kawo takarda, mu ga na wace kasuwa ya fi. Iyakar darasinmu na yau ke nan.