Mi ke sa zuciya bugawa da sauri?

Ƴan'uwa, zuciya tsoka ce. Dare da rana tana matsewa tana saki, tana tura jini cikin jiki. Babban mutum in yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti guda.

To, in ka ci karo da maciji a gona, sai gabanka ya faɗi. Mi ya faru? Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. Shi ke zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Ruwan nan ɗan aike ne. Da ya isa zuciya, sai ƙananan ƙwayoyin tsokarta su ƙara sauri da ƙarfi, don ƙafafu su samu jinin gudu. In tsoro ya wuce, wata jijiya daga ƙwaƙwalwa ta kawo nata saƙo, zuciya ta lafa.

A wuya ma akwai ƙullutu, wanda in ya kumbura ake ce ma maƙoƙo. In ruwansa ya yi yawa, zuciya ba ta lafawa ko ana kwance. Mutum ya rame, ya yi ta zufa. Wannan ba aikin iskoki ba ne. A tafi gidan likita, akwai magani.

Aiki: aza yatsu biyu bisa wuyan hannunka. Abokinka ya duba agogo, kai ka ƙirga bugun na minti guda, ka rubuta.