Darasi: Yadda Ake Adana Tsofaffin Waƙoƙin Disko a FLAC

Idan a gidanku, a Rano ko Kibiya, akwai kwalin tsofaffin kaset na zamanin disko, kada ka bari ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Wataƙila akwai Boney M a ciki, ƙungiyar da Frank Farian ya haɗa a Jamus ta Yamma, masu "Daddy Cool" ta 1976 da "Rasputin" ta 1978, ko na gida irin Bala Miller mai "Ikon Allah". Zafi da ƙura suna cin zaren kaset a hankali, kuma ba kowace waƙar gida ce ke kan intanet ba.

Mene ne FLAC? MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance. FLAC kuwa matse sautin yake yi bai zubar da komai ba. Minti ɗaya na sautin faifan CD kusan 10MB ne, FLAC ya kan rage shi zuwa wajen rabi, MP3 mai 128kbps kuma kusan 1MB ne.

Ga inda ake cutar mutane: juya MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da aka zubar. Fayil ne kawai zai kumbura ya cinye maka memori. Idan mai tura waƙa ya ce FLAC ya ba ka, buɗe fayil ɗin da manhajar Spek a kwamfuta. In sautin ya yanke ƙaf a wajen 16kHz, alhali an ce daga CD aka ciro, to tsohon MP3 ne aka sauya wa riga.

Matakan kwafe kaset:

1. Goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit.
2. Haɗa rikodar da kwamfuta ta waya, kada ka kara makirfo a sifika.
3. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, zaɓi 44,100Hz.
4. Rage ƙara don kada ma'aunin sauti ya taɓa ja.
5. Fitar da fayil a FLAC, ka rubuta sunan mawaƙi da shekara.

Wayoyin Android suna kunna FLAC, amma Bluetooth na yau da kullum yana sake matse sautin, don haka iyafis mai waya ya fi. Ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, kuma kada ka yar da kaset ɗin, shi ne asali.