Tsohuwar Bindigar Soja a Cikin Gida: Shawarwari ga Magidanta

Bindigogin da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da su ba su ƙare ba. Miliyoyi aka ƙera, da ƙarfe mai kyau da katako mai tauri, kuma da yayinsu ya wuce a barikoki sai gwamnatoci suka yi gwanjonsu. A Amurka da Kanada da Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ke nan: su sayi Lee-Enfield ta Ingila, ko Mauser ta Jamus, ko Mosin-Nagant ta Rasha, su goge ta, su kai ta filin harbi ranar hutu. Mu kuwa saninmu da ita ta wata hanya ce. Mazan jiyan da suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82 Lee-Enfield suka riƙe, kuma ita 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna rataye da ita, wadda ake ce wa Mak 4. A ɓangaren Nijar, MAS-36 ta Faransa aka sani. Wani lokaci sai bayan rasuwar tsoho ake tarar da irinta naɗe cikin tsumma a saman rufi ko a bayan rumbu. Tsufa ba ya kashe bindiga. Abin da yake yi kawai shi ne ya ɓoye halinta, har mai ita ya daina sanin abin da ke hannunsa.

1. Duk bindigar da ka tarar, ka ɗauka da harsashi a cikinta. Ko ta shekara sittin a jingine, ko tsatsa ta cinye bayanta, kada ka nuna bakinta ga mutum, kada ka leƙa cikin hancinta, kada kuma ka ja kunama don ka ga ko tana aiki. Lee-Enfield tana cin harsashi 10, kuma cire gidan harsashin ba ya fitar da wanda ya riga ya hau. Sai an buɗe sakata an gani da ido. In sakatar ta cije, a bar ta yadda take, ban da guduma, ban da dutse. A fitar da yara daga ɗakin, a kulle ƙofa.

2. Ka san matsayinka a gaban doka kafin ka yi tunanin gyara ko gogewa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ta mafarauta da masu harbin hawan salla, kuma ita ma da izininta. Akwai bindigar farauta ta zamani, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai haramtattu, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigar soja mai awon 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Lee-Enfield mai awon .303 ce, ka ga ta faɗa ciki kai tsaye. Ba mai ba da izinin riƙe irin wannan sai shugaban ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ita ba izini ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Harsashin ma shi kaɗai laifi ne, ko babu bindigar. Dokar ba ta ware tsohuwa ba, ba ta kuma ware wadda aka gada ba.

Na san abin da zai zo zuciyar magidanci a Zamfara ko Katsina ko Maraɗi: ga halin da ake ciki, ga bindiga Allah ya kawo har gida, a ce a mayar? Tsoron gaskiya ne, ba na raina shi. Amma bindigar da ba a taɓa gwada lafiyarta ba, da harsashin da ya girmi mai riƙe da shi, a hannun wanda bai koyi harbi ba, ba tsaro ba ne. Ranar da ake buƙatarta tana iya ƙin tashi, ko ta fashe a fuskar mai ita. Kuma da zarar labari ya fita cewa gidan wane akwai bindigar soja, gidan ya zama abin nema ga ɓarayi da jami'an tsaro baki ɗaya.

3. Ba kayan gado ba ce. Kada a sa ta cikin lissafin rabo tare da gona da shanu, kada a yi mata kuɗi, kada babban ɗa ya ce shi ya fi cancanta. Ko mamacin yana da lasisi, lasisi na mutum ne, ba ya bin jini. Kada a sayar, domin ba ka san hannun da za ta ƙare ba, kuma alhakin abin da aka yi da ita yana iya biyo ka. Kada a jefa ta rijiya ko a binne, wata rana wani yaro zai tono. Hanyar da ta dace ita ce ka fara zuwa ofishin 'yan sanda hannu rabbana, tare da mai unguwa ko lauya, ka yi bayanin yadda aka same ta, su zo su ɗauka ko su faɗa maka yadda za a kawo. Kada ka saɓo ta a kafaɗa ko ka sa ta a but ɗin mota ka bi ta shingen bincike. In an karɓa, ka nemi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata da sa hannu, ka adana. Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, Nijar kuma tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994. Idan iyali suna son abin tunawa da kakansu, lambobin yabonsa da takardar sallamarsa da hotonsa cikin kaki sun fi bindiga ba da labarinsa.

4. Sauran shawarwarin na wanda doka ta yarje masa ne, musamman 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje. Su ma kada su ruɗu da ganin bindiga a kanti. A Amurka, wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara bisa ƙa'ida ba shi da damar mallakar bindiga sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun sharuɗɗa, kuma kowace jiha da tata dokar a kan ta tarayya. A Ingila sai 'yan sanda sun ba da takardar izini bayan sun gamsu da dalilinka da wurin ajiyarka. Ko a ina ka saye ta, kada ka yi mafarkin sako ta cikin kaya zuwa gida.

5. Kafin harbin farko, a kai ta wurin gwanin gyaran bindiga mai izini. Ba maƙerin garma ba, ba abokin da ya taɓa aikin banga ba. Babban abin da zai auna shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. In ta yi yawa, kwanson harsashi yana tsagewa, hayaƙi mai zafi ya dawo ta baya wajen ido. A Lee-Enfield samfurin No. 4, kan sakatar ana canza shi, an yi masa lamba daga 0 zuwa 3 saboda wannan gyaran. Zai kuma duba ko lambar sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, domin a ɗakunan ajiyar soja an sha cakuɗa su.

Akwai waɗanda ba a harba su sam, komai kyansu a ido. Enfield da aka buga wa haruffan DP an ware ta ne don fareti kawai, an riga an yanke cewa ba ta da lafiyar harbi. Springfield ta 1903 ta Amurka, wadda lambarta ta gaza 800,000 a ƙirar masana'antar Springfield, ko ta gaza 285,507 a ƙirar Rock Island, an sami matsala wajen gasa ƙarfenta, wasu sun tarwatse a hannun sojoji. Japan ma ta ƙera bindigogin koyo ga ɗalibai masu kama da Arisaka sak, waɗanda ba a yi su don harsashin gaske ba.

6. Harsashi ya shiga ba ya nufin nata ne. Bayan yaƙi ƙasashe da yawa sun canza wa tsofaffin bindigogi ciki. Mauser K98k asalinta 7.92 take ci, amma Isra'ila ta mayar da nata zuwa 7.62 na NATO, Norwe kuma zuwa .30-06. Masana'antar Ishapore ta Indiya ta ƙera samfurin 2A mai kama da tsohuwar Enfield, alhali 7.62 take ci, ba .303 ba. Har 7.62 ɗin ma iri-iri ne: na Mosin-Nagant daban, na NATO daban, na AK-47 daban. A karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen, gwani ya tabbatar. M1 Garand kuma an yi ta ne don harsashin soja na zamaninta, wasu harsasan farauta na yau suna lanƙwasa sandar da hayaƙi ke turawa.

7. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon harsashi. Wanda ya yi kore, ko ya tsage a wuya, ko ya lotsa, a ware shi a miƙa wa masu filin harbi ko hukuma. Kada a jefa shi wuta ko bola, kada a bar yara su mai da shi abin wasa. In ka ja kunama ta ce ƙyas ba ta tashi ba, kada ka buɗe sakata. Ci gaba da nuna bakinta inda kake harbi, ka ƙirga minti ɗaya, domin tsohon albarushi yana iya kamawa a makare. In kuwa ta tashi amma ƙarar ta yi rauni, ka tsaya nan take. Mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a cikin hanci, kuma harba na biyu a bayansa shi ke fasa bindiga.

8. Wajen share bindiga ne sababbin shiga suka fi yin asara. Yawancin tsofaffin harsasan soja, abin da ke kunna albarushinsu yana barin wani gishiri a cikin hancin bindiga bayan harbi. Gishirin yana jan danshi daga iska, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta fara huda ƙarfe. Mai ba ya narkar da gishiri, sai dai ya lulluɓe shi, ɓarnar ta ci gaba a ƙarƙashi. Ruwa ke narkar da shi. Sojojin Ingila tafasasshen ruwa suke zubawa da mazurari ta gindin hanci ya fita ta baki, zafin kuma ya sa ƙarfen ya bushe da kansa. Har yau dabarar ba ta canza ba: ruwan zafi, sannan tsumma busasshe har ya fito fes, sannan mai kaɗan. A goge fuskar sakata ita ma. A yi wannan a ranar da aka yi harbin, ba washegari ba, a sake dubawa bayan kwana biyu. In da hali, a riƙa zura sandar sharewa ta baya, domin gogar bakin hanci tana lalata saiti.

9. Bindigar da ta fito daga ɗakin ajiyar soja takan zo a dame da wani man gris mai kauri. A wanke shi tas, musamman cikin sakata. A bindigar SKS, in ya daskare ya riƙe allurar da ke bugun harsashi, bindigar tana iya tashi da kanta da zarar an saki sakata. Katakon kuwa a bar shi da tabonsa. Kada a kankare shi da sanfefa, kada a shafa masa fenti ko banish mai ƙyalli. Ɗan man linsid a tafin hannu ya ishe shi, da shi sojojin Ingila suke shafe nasu. Tambarin da ke jikinsa shi ke faɗin masana'anta da shekara da rundunar da ta riƙe ta, wanda ya goge shi ya goge darajarta, a kuɗi da a tarihi. Ina ganin yanke katakon tsohuwar bindiga don ta yi kama da ta zamani ɓarna ce da ba ta da gyara.

10. Ajiya: babu harsashi a ciki, a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sakata a cire a ajiye daban, harsasai su ma a wani wurin da nasu kwaɗon. Ƙarƙashin katifa da saman kwaba ba ajiya ba ne, yaro ya san duk lungun gidan ubansa fiye da uban. Uwargida ta san da ita, ta san dokar taɓa ta. Kada a bar ta cikin jakar fata ko soso, suna riƙe danshi. In akwai wanda ke fama da matsananciyar damuwa a gidan, ko rigima ta yi tsanani tsakanin ma'aurata, a fitar da ita zuwa wurin ajiyar da doka ta amince da shi har ƙura ta lafa.

11. Ba a harbi sai a filin da aka tanada, mai tudun ƙasa a baya. Ma'aunin saitin tsohuwar Enfield ta 1907 ya kai yadi 2,000, kuma harsashinta yana tafiya kusan kilomita 3 in aka ɗaga bakinta. Bangon laka da ƙofar kwano da jikin mota ba sa tare shi, a kan dutse ko ruwa kuma yana iya karkacewa ya nufi inda ba a zata ba. Harbin sama a biki ko murnar zaɓe ya sha kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, domin abin da ya hau sai ya sauko, kuma da ƙarfinsa yake saukowa. Kada a kwatanta shi da harbin toka na hawan salla, wanda albarushi ne zalla. A toshe kunne, domin ƙarar ta haura mizanin desibel 140 da ke lalata ji, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. A sa tabarau mai kare ido. Bayan harbi ko sharewa a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki jariri, saboda ƙurar dalma, kuma kayan da aka sa a filin harbi a wanke su daban da na yara.