Famfon Zuciya da Halin Rayuwar Majinyaci

Zuciyar baligi tana harba jini kimanin lita 5 a kowane minti idan yana hutawa. Mafi nauyin aikin yana kan ɗakinta na ƙasa na hagu, wanda ke tura jini cikin babbar jijiya zuwa sassan jiki. Idan wannan ɗaki ya raunana har magani ya kasa, likitoci kan dasa wani ƙaramin famfo a jikin zuciyar, ya riƙa zuƙo jinin yana zubawa a babbar jijiyar. Dokta Michael DeBakey ne ya fara samun nasarar amfani da irin wannan na'ura a Amurka a 1966. A gwajin REMATCH na 2001, kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka dasa wa famfo sun kai shekara guda a raye, alhali kashi 25 ne kawai suka kai daga masu shan magani kaɗai. Da samfurin HeartMate 3 kuwa, rahoton 2022 ya nuna kashi 58 suna raye bayan shekara 5.

Sai dai aikin likitan fiɗa na 'yan sa'o'i ne, saura kuma a gida ake yin sa. Famfon yana aiki da lantarki, kuma wayarsa tana fitowa ne ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa da batura biyu da mutum ke ratayawa, waɗanda ba sa wuce sa'a 17 sai an canja su. Mafitar wayar ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, don haka dole a riƙa wanke ta ana sauya bandeji cikin tsabta. Ba a nutsa jiki cikin ruwa. Haka kuma jini yakan daskare idan ya gogi ƙarfe, shi ya sa majinyaci ke shan maganin wafarin kullum tare da awon jini a kai a kai. Idan maganin ya yi kaɗan gudan jini ya toshe famfo, idan ya yi yawa jini ya ɓalle a hanji ko ƙwaƙwalwa. Giya tana dagula ma'auninsa, haka ma sauyin cin ganye mai sinadarin bitamin K, irin su alayyafo.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ake tambayar halin zaman mutum kafin a buɗe ƙirjinsa. A 2012 masana a Jami'ar Stanford suka fito da ma'aunin SIPAT domin masu jiran dashen gaɓoɓi, daga baya aka riƙa amfani da shi ga masu neman famfo. Yana duba fahimtar mutum game da cutarsa, da masu taimaka masa, da lafiyar tunaninsa, da shaye-shaye. A 2020 Dokta Ersilia DeFilippis da abokan aikinta suka bincika bayanan majinyata fiye da 15,000 a Amurka. Kimanin ɗaya cikin biyar yana da aƙalla matsala guda ta wannan fanni, kamar rashin mataimaki, ko shaye-shaye, ko taɓin hankali mai tsanani, ko saba wa umarnin likita. Waɗannan sun fi kamuwa da ƙwayoyin cuta ta hanyar na'urar, sun fi zubar jini a hanji da toshewar famfo da komawa gadon asibiti, kuma sun fi ƙarancin samun dashen sabuwar zuciya.

Ta yaya damuwa ke isa ga ƙarfen da ke cikin ƙirji? Hanya ɗaya ta cikin jiki ce. Doguwar damuwa tana ɗaga sinadarin kotisol, wanda ke rage ƙarfin garkuwar jiki, ya kuma jinkirta warkewar rauni. Amma hanyar da ta fi faɗi ita ce ta ɗabi'a. Wanda baƙin ciki ya danne ba ya cin abinci, ba ya motsa jiki, yakan manta magani, ya ɗage sauya bandeji zuwa gobe, ya ga ruwa na tsattsafowa daga raunin ya yi shiru. Kowanne ƙaramin abu ne, amma famfo ba ya yafe sakaci. Shi ma mai jinya yakan gaji, domin shi ne ke kwana da kunne ɗaya yana sauraron ƙarar gargaɗin na'ura.

Abin lura, binciken na 2020 bai sami bambanci a yawan mace-mace tsakanin rukunonin biyu ba. Saboda haka zalunci ne a mai da ma'aunin ƙyauren da za a rufe wa talaka ko marar dangi. Amfaninsa shi ne a gano giɓi a cike shi tun kafin fiɗa.

Famfon ya yi nisa da mutumin 'Yankwashi ko Roni ko Gwiwa, saboda tsadarsa da kuma buƙatar wutar da ba ta yankewa. Amma cutar da ake dasa shi dominta tana nan a cikin gida, musamman gazawar zuciya ta masu jego. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana ta a Zariya, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. A Sakkwato, rahoton 2007 ya same ta a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Sai binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, aka buga a 2020, ya nuna cewa rashin karatun boko da rashin sana'a da rama da hawan jinin masu ciki su ne suka fi tafiya da cutar, ba waɗannan al'adu ba. Wato halin rayuwa yana aiki tun kafin ciwo ya kama.

Bayan ya kama kuma, tambayoyin SIPAT su ne dai ke yanke hukunci, ko da ƙwayar magani ce kawai a hannu. Ana yawan cewa Bahaushe ba ya rasa dangi, kuma gaskiya ne, amma cikar ɗaki da 'yan dubiya dabam, mutum guda da ya san adadin ƙwayoyi da lokutansu dabam. Mai jego a ƙauyen 'Yankwashi da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke yanke mata idan ta kwanta, galibi ba ita ke da ikon cewa a tafi Kazaure ko Kano ba. Miji ke da kuɗin mota, uwar miji ke kula da tukunyar da gishiri da kanwa ke shiga. Idan kumburi ya saɓe aka ɗauka an warke, aka bar magani, ko wani ciki ya shiga kafin zuciyar ta farfaɗo, haɗarin yakan dawo da ƙarfi. Likitan da ya yi wa matar bayani ita kaɗai, bai kira mijin da surukar sun ji ba, rabin aikin ya yi.